Hannun Baba Ya Ƙi Tsayawa a Hoto

Zuwa ga Yayana, babban wa magajin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Antinmu da yaran duka. Allah ya ƙara maka buɗi a wurin aikinka, ya tsare ka daga sharrin baƙunta, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙafarta, wata rana ta taka lafiya, wata rana sai da dafa bango, amma bakinta bai rage komai ba. Maigidana ya samu canjin wurin aiki zuwa kusa da gida, yanzu da ƙafa yake zuwa. Babbar 'yata ta shiga aji na gaba, ƙaramin kuma ya fara haƙori, duk abin da ya samu baki yake kaiwa. Gwaggo ta zo ta kwana biyu ta koma, ta ce in gaya maka ta yi fushi, amma fushin da ake lallashi.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali muna magana a waya. Dalili kuwa shi ne duk lokacin da ka kira ina gidansu Inna, Baba yana kusa yana saurare, ba na iya faɗin komai sai lafiya lau. In kuma ina gidana, da na ɗauko maganar sai murya ta ƙi fita. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jikin Baba ya fi yadda muke gaya maka. Rawar nan da hannunsa na dama yake yi ta ƙaru ƙwarai, yanzu har kansa yana ɗan kaɗawa idan ya gaji. Ba ya iya zura zare a allura, kofin shayi sai Inna ta cika masa rabi don kada ya zube. Wannan shi ne ya sa yake ƙin kiran bidiyo, ba wai wayar ce ba ya so ba kamar yadda muke ce maka. Ba ya son jikokinsa su fara ganinsa yana karkarwa. Ga kuma wani abu a kai: mai layin shagunan ya ba da sanarwa cewa zai rushe su a ƙarshen wata mai zuwa ya yi sabon gini. Shagon da Baba ya yi ɗinki a cikinsa tun kafin a haife mu zai tafi.

Ranar da labarin rushewar ya zo, Baba ya kira ni gefe, ya tambaye ni ko kyamarar nan da ka bari a ɗakinka tana aiki har yanzu. Ya ce abu ɗaya yake so kafin a taɓa shagon, a ɗauke shi hoto yana zaune a gaban kekensa na ɗinki, hannunsa a kan yadi, kamar yadda kowa ya san shi, a aika wa yaranka. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada hoton ya nuna rawar hannun. Ya ce yana so takwaransa, idan ya girma, ya ce kakansa tela ne, kada ya ce kakansa majinyaci ne. Wallahi Yaya na amsa masa da sauri har da dariya, na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. A zatona danna maɓalli ne kawai.

Na ɗauko jakar daga saman durowa, na kakkaɓe, na sa batir a caji. Na bar ɗan faifan da ke samanta a kan koriyar alamar nan inda kyamara take yi wa kanta komai, muka tafi shago. Ka san shagon, ƙofa ɗaya ce, babu taga, ga yadika rataye ko'ina suna shanye ɗan hasken da ya shigo. Ina dannawa sai filasha ta ɗago da kanta ta watsa masa haske a fuska. Hannun ya tsaya a hoton kam, amma mutumin da ya fito ba Baba ba ne. Fuska ta yi fari fat, idanu a zazzare, duk wata rama da ciwon ya yi masa ta fito fili, ga wata baƙar inuwa a bango bayansa. Ya karɓi kyamarar ya duba, sannan ya miƙo mini ya ce in goge, wannan hoton sanarwar rasuwa ne. Na kashe filashar na sake ɗauka. A nan fuskar ta yi kyau da hasken ƙofa, amma hannun ya zama kamar hayaƙi, kan ma ya rabu biyu. Na gwada da wayata, ita kuma ta shafe masa fuska ta yi sumul kamar ta roba, hannun dai yana nan dishi-dishi.

Maigidana ya ce mu daina wahalar da kanmu, ya ɗauko mai hoto daga situdiyo. Mutumin ya zo da fitilu da lema da wayoyi, ya cika shagon, maƙwabta suka taru a ƙofa suna kallo. Ka san ciwon nan, da zarar Baba ya ji ido a kansa sai rawar ta ninka. Mai hoton kuma, ba da mugun nufi ba, yana ta cewa Baba ya daure ya tsayar da hannun na ɗan lokaci. Baba ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita ya bar mu tsaye. A gida ya gaya wa Inna cewa ba zai ƙara zama gaban baƙo ana ba shi umarnin abin da ba ya iyawa ba, in 'yarsa za ta iya to, in ba za ta iya ba a bar maganar. Ka ga yadda kaya ya dawo kaina, ni da ban san gaban kyamara da bayanta ba.

Na shiga layin masu sayar da kayan hoto a kasuwa ina tambaya. Na farko da na samu, wani mai zaƙin baki, ko kallon hotunan bai yi ba ya ce kyamarar ta tsufa, in kawo ta ya haɗa ni da sabuwa. Da na ce ta yayana ce ba ta sayarwa ba ce, sai ya ce to maganin dishi-dishi shi ne ƙafa uku, abin nan da ake ɗora kyamara a kai don kada ta motsa. Na saya na ɗauko a kafaɗa ina murna. Na kafa ta a shago, na ɗauka, keken ɗinki ya fito tar har ana karanta rubutun jikinsa, almakashi ya fito, kwalbar maɓallai ta fito, Baba kaɗai ne bai fito ba. Maigidana ya duba ya ce ai kyamarar ta natsu sosai, saura a samo wa Baba tasa ƙafa ukun. Ya faɗa ne don in yi dariya, ni kuwa kuka na fashe da shi, har ya rasa inda zai sa kansa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da na mayar da ƙafa ukun mai zaƙin baki ya ƙi karɓa. Ina fitowa rai a ɓace sai wani dattijo mai gyaran kyamarori, wanda teburinsa yake a lungun gefe, ya kira ni, ashe ya ji duk abin da muka yi. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni wane ne wannan, na gaya masa komai. Ya ce in juya faifan zuwa harafin M, domin muddin kyamara ce take yanke shawara, ba za ta taɓa sanin abin da nake tsoro ba. Ya ce abubuwa uku ne zan riƙe. Na farko saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe ido kafin ta rufe, in ta ƙifta da sauri sosai za ta kama hannun a wuri ɗaya kafin ya motsa. Na biyu faɗin ƙofar da haske yake bi ta cikin gilashin gaba. Na uku wata lamba da ake kira ISO, wadda take ƙara wa kyamara ƙarfin gani a duhu. Ya ce matsalar ita ce ukun nan kamar 'yan'uwa ne masu rabon bargo ɗaya, in ɗaya ya ja sai ɗaya ya ji sanyi.

Yaya, gaskiyar dattijon nan na gan ta da idona. In na ƙara saurin ƙiftawa, hoton ya yi baƙi ƙirin saboda haske bai samu lokacin shiga ba. In na ɗaga ISO don ya yi haske, sai fuskar ta cika da wani yashi-yashi mai launi kamar an watsa mata ƙasa, don kyamarar taka ta kwana biyu. In na ce bari in buɗe ƙofar, sai in tarar gilashin da ke jikinta ya kai iyakarsa. Ga lambobin ƙofar kuma a juye suke, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba ita ce ƙarama. Wanda ya tsara wannan Allah ya yafe masa. Na rubuta a bayan hannuna da biro don kada in manta, 'yata ta gani ta tambaye ni ko jarrabawa zan yi satar amsa. Gidana ya koma makaranta. Na ɗauki fanka tana juyawa har na iya tsayar da fukafukanta a hoto. Na ɗauki ruwan famfo har ɗigo ya tsaya a iska. Na zaunar da maigidana a lungu mafi duhu na falo na ce ya riƙa kaɗa hannu, ya kaɗa har ya ce kafaɗarsa ta sage, maƙwabciya ta leƙo ta ɗauka wani yake yi wa ban kwana. Girki ya ƙone mini ba sau ɗaya ba. A tsakar gida cikin rana komai yana fita daidai, amma da na shiga duhu irin na shago sai in koma gidan jiya.

Na koma wurin dattijon kamar zan yi hauka. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani ɗan ƙaramin gilashi, wanda ba ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa, in kana son matsowa sai ka taka da ƙafarka. Ya ce ƙofar wannan tana buɗewa sosai, har ɗaya da ɗigo takwas, haske zai shiga ninkin ba ninkin. Ya ce ba nasa ba ne, na wani ne da ya kawo gyara, amma zai ara mini na yini guda kafin mai shi ya zo. Ya gargaɗe ni cewa idan ƙofa ta buɗe haka, wurin da zai fito tar ɗan siriri ne, in na saita a kan hanci kunne zai ɓace, don haka in sa ɗigon saiti a kan idon Baba, kada in yarda ya zame. Ya kuma ce in je da safe lokacin da rana take kallon ƙofar shagon, in sa wani ya riƙe farin yadi a gefen da ke duhu don ya mayar da haske kan fuskar.

Muka shirya. Baba ya yi aski, ya sa rigarsa mai ruwan toka wadda ya ɗinka da hannunsa shekarar da ka tafi, ya rataya tef ɗin awo a wuya. Inna ta zo da kanta duk da ƙafar, ita ta riƙe farin yadin, tana ta mita wai ita da ta auri tela yau ta zama mataimakiyar mai hoto. Muka tura ƙofa rabi don kada a taru. Na fara ɗauka. Wani hoton ya fito allurar keke ce tar, Baba a hazo. Wani tef ɗin wuyansa ne ya fito. Ina gyara wannan, wancan yana kwancewa, rana kuma tana ta hawa tana janye haskenta daga ƙofa. Na riƙa cewa saura ɗaya, saura ɗaya, shi kuma bai yi ƙorafi ba, yana zaune ƙyam yana ƙoƙarin danne hannun a kan yadi, zufa tana keto masa. Idona yana kan lambobi, ban ga yadda fuskarsa ta canza ba. Inna ce ta yar da yadin ta yi salati. Kafin in ajiye kyamara Baba ya sulale gefe, kansa ya bugi ƙarfen keken.

Kada hankalinka ya tashi fiye da kima, yana raye, yana magana, yana cin abinci. An yi masa ɗinki a goshi, an kwantar da shi a asibiti. Likita ta ce jininsa ne ya sauka saboda doguwar zama da zafi da sabon maganin da yake sha, ta kuma yi mana faɗa sosai. Ba wanda ya ce laifina ne, amma Yaya ni na san wanda ya riƙa cewa saura ɗaya. Ina zaune a bencin asibiti da yamma na buɗe kyamarar ina duba abin da na ɗauka, ina gogewa ina hawaye, sai na iske guda ɗaya. Fuskar Baba ce sak. Hasken ƙofa ya kwanta masa a kunci, idonsa ya fito tar, har da ɗan murmushin nan da yake yi idan mai kaya ya ce riga ta yi daidai, ina jin lokacin da Inna take mitarta ne. Yadikan da ke bayansa sun narke sun zama launi kawai. Ban taɓa yin abu mai kyau irin wannan ba a rayuwata. Amma hannun yana gaba, kusa da kyamara, ya fita daga wurin saiti, ga rawar kuma ba ta gama tsayawa ba. Yatsun sun haɗe da juna.

Washegari na nuna masa. Ya sa tabarau ya kalla ya kalla, sannan ya ce fuskar tasa ce, amma hannun na ciwon ne, a sake. Na ce masa likita ta hana, ya ce likita ba ta san ranar da za a rushe shago ba. Gilashin aro na riga na mayar, mai shi ya karɓe abinsa. Yanzu gaba kura baya sayaki. In na ƙi, shagon zai tafi, kuma na san ba zai ƙara ɗaga maganar ba, zai haɗiye ta ne kawai kamar yadda yake haɗiye komai. In na yarda, zama ɗaya ne ya rage mana, gajere, kuma ba ni da damar yin kuskure a kansa.

Shi ya sa nake roƙonka, kai da ka san kyamarar nan ciki da waje, ka ba ni amsa a rubuce yadda zan riƙa dubawa. In sayi irin ƙaramin gilashin nan, ko in nemi fitila mai laushin haske wadda ba ta walƙiya? Abu ɗaya zan iya ɗauka a cikinsu, kuma na riga na yi zaɓen tumun dare sau ɗaya. In na rage faɗin ƙofar don fuska da hannu su fito tare, ina zan samo hasken da zai cike gurbin? Har wace lamba zan iya kai ISO a wannan kyamarar kafin yashin ya ɓata fuska? Saurin ƙiftawa ɗaya bisa ɗari biyu da hamsin bai tsayar da yatsun ba, in ninka shi ne? Ko in ja da baya in ɗauko shi daga nesa, ko in fito da keken bakin ƙofa, duk da ya ce ba ya son idon mutane? Dattijon ya ce in gwada duka, amma shi bai ga Baba a ƙasa ba.

Akwai kuma abin da Inna ta gaya mini jiya a barandar asibiti, ta ce kada in faɗa maka, ni kuwa ba zan iya riƙe shi ba. Ta ce tana ba shi abinci hannun yana ta bugun gefen gado, sai ta ɗora nata a kai, ya lafa, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka riƙe shi. Baba ya kalli hannayen nasu ya ce ashe maganin abin a kusa yake, da a ce yaron nan yana gari, da sai ya zauna kusa da shi a gaban keke ya ɗora hannunsa a kan nasa, ni Auta in ɗauki hoton, ba wanda zai san yana rawa. Inna ta ce to a kira ka mana. Ya ce a'a, kana da aiki da iyali, hanya kuma da nisa, kada a ɗaga maka hankali saboda hoto. Daga nan ya juya fuska bango.

Yaya, kukan kurciya jawabi ne. Ka san Baba, bai taɓa roƙon ɗayanmu komai ba, kuma ba zai fara yanzu ba. Na san ba a barin aiki haka kawai, na san wahalar takardu da ta hanya, ban kuma rubuto don in ɗora maka laifi ba. Ka aiko mini da amsar lambobin ko ta halin ƙaƙa, zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma in akwai wata dabara da za ka yi, ko ta kwana kaɗan ce, ka yi ta kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ni zan iya koyon kyamara, na ma fara iyawa. Hannun da yake so a kan nasa ne ba ni da shi.

Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, ka ce mata ina godiya da saƙon da ta aiko wa yara, kuma ina neman alfarmarta a kan wannan magana. Ka shafa mini kan Takwaran Baba da 'Yar Lele da ɗan jaririn da ba mu gani ba tukuna. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, maigidana yana gaisuwa, Gwaggo da Kawu ma haka. Baba bai san na rubuto ba, amma na tabbata da ya sani da ya ce a gaishe ka, a kuma ce maka yana nan lafiya lau.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu gana da wuri.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Auta